Hannun uwa, zanen 'ya: tukunyar wace ce? Muhawara kan Nampeyo, maginiyar Hopi

Malama Saudatu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ke nan wani labari ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan, tunda cikinmu akwai 'ya'yan masu sana'ar hannu, akwai kuma masu ilimin tarihi.

Ina haɗa wa ɗalibaina darasi ne a kan ginin tukwane a wasu ƙasashe, sai na ci karo da wata mata mai suna Nampeyo. An haife ta wajajen 1860 a ƙauyen Hano, bisa wani dogon dutse mai shimfiɗaɗɗen kai a arewa maso gabashin jihar Arizona ta Amurka. Nan ce ƙasar Hopi, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a can. Ta rasu a 1942. Tulunanta ba dogaye ba ne irin namu. Gajeru ne masu faɗin kafaɗa, da ɗan ƙaramin baki a tsakiya, kamar an kifa akushi a kan akushi. Launin jikinsu yana tashi daga ruwan ƙwai zuwa ruwan goro, zanen kuma baƙi da ja: fiffiken tsuntsu, jelar gaggafa, layuka masu lanƙwasa suna bin juna har su zagaye tulun. Da ka gani ka san hannun da ya yi wannan ba ya rawa.

Abin da ya kama ni shi ne ƙarshen rayuwarta. Idonta ya yi ta raguwa, zuwa shekarun 1920 ta daina iya zane. Amma ba ta daina gini ba. Da lalube take ɗora laka, ta gama ta miƙa wa 'ya'yanta mata su yi zanen, a sayar da sunanta.

Haka kakata Iya ta yi, Allah Ya jiƙanta. Shekara takwas na ƙarshe ba ta gani, amma randunanta sun fi na masu ido daidaita. Gwaggona ce ke yi musu ado da jan ƙasa. To tambayata: tukunyar da uwa ta gina, 'ya ta zana, ta wace ce? Kuma adalci ne a ce sunan mutum ɗaya ya rufe aikin gida guda?

Baba Garba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Iya. Fili naku ne, a yi cikin mutunci.

Malam Lawal Funtuwa:
Amin. Malama, kafin a kai ga tambayarki ina da tawa. Na taɓa karanta labarin matar nan, kuma abin da na fahimta ba ita ta ƙirƙiro zanen ba. Wani Bature mai tonon kayan tarihi, Jesse Walter Fewkes, ya haƙa wani kufai da ake kira Sikyatki a 1895, ya fito da tsofaffin tukwane. Aka ce mijinta Lesou yana cikin lebarorin, ita kuma ta je ta kwafi zanen, ta riƙa yi tana sayar wa 'yan yawon buɗe ido. In haka ne, ina fasahar take? Kwafe ne, kasuwa kuma ta Turawa. Ni ban ga abin da ya sa za a ɗaga ta sama da sauran matan ƙauyensu ba, sai dai don ita Turawa suka ɗauka hoto.

Nasiru (Arizona):
Salamu alaikum. Yaya Lawal, a yi mini haƙuri in shiga nan, don karatu ya kawo ni jihar, kuma na tsaya gaban tukwanen matar nan da ƙafata a gidan tarihi na Heard da ke Phoenix da kuma na Flagstaff.

Labarin da ka kawo shi ne wanda aka daɗe ana faɗa, amma masu bincike na baya sun gyara shi. Barbara Kramer, wadda ta bi diddigin rayuwarta ta wallafa a 1996, ta nuna cewa Nampeyo tana amfani da tsofaffin zanen tun kafin Fewkes ya sa diga a ƙasa. Ka duba ma, Sikyatki ba wata uwa duniya ba ce, a gindin dutsensu take, tafiyar ƙafa ce. Tsingaro yana nan warwatse a ƙasa, ruwan sama yana tono shi, yara suna tsinta. Macen da ke zaune a nan ba ta jiran baƙo daga Washington ya nuna mata abin da take takawa kullum. Kuma akwai wani ɗan kasuwa haifaffen Ingila, Thomas Keam, mai kanti a kwarin da yanzu ake kira da sunansa, wanda tun kafin 1895 yake sayen tukwane masu tsohon salo daga matan wurin. Tarinsa an saye shi a 1892, yana gidan tarihi na Peabody a jami'ar Harvard.

Don haka ka yi gaskiya a rabi: kasuwa ta taka rawa sosai. Layin dogo ya iso arewacin Arizona a farkon shekarun 1880, kwanon ƙarfe da bokiti suka shigo, tukunyar ƙasa ta fara rasa aiki a ɗakin girki. Wadda ba ta sami mai saye daga waje ba sai ta ajiye sana'ar. Amma cewa Bature ne ya buɗe mata ido, wannan ba haka ba ne.

Malam Lawal Funtuwa:
To na ji, ba Fewkes ba ne. Amma ko daga ƙasa ta tsinta ai kwafe sunansa kwafe, Nasiru.

Mariyama Damagaram:
Malam Lawal, gafara dai. Ni a Mirya aka haife ni, uwata maginiya, kakata maginiya. Bari in tambaye ka: ka taɓa tsintar tsingaro ka ce za ka mayar da shi tulu? Guntun da bai kai tafin hannu ba, zane ya fara a nan ya yanke a can. Ba ka ga bakin tulun ba, ba ka ga gindinsa ba, ba ka san inda aka ɗebo yumɓun ba, ba ka san irin wutar da aka ba shi ba. Wanda ya yi ya mutu shekara ɗari uku. Wa za ka tambaya?

Zane shi ne abu mafi sauƙi a sana'ar nan, ko da yake shi ido ke fara gani. Wahalar tana ga laka. Ko a garinmu, in aka canza ramin da ake ɗibar yumɓu, sai an yi asarar gashi biyu ko uku kafin hannu ya gane halin sabon. Wani ya fashe a rana, wani ya tsage a wuta, wani ya fito lafiya amma ka ƙwanƙwasa ka ji muryarsa ta mutu. Matar da ta dawo da irin tukwanen da aka daina yi ƙarni da ƙarni, to ta yi yawon neman laka, ta yi asara ba adadi. Wannan ba a kwafe shi.

Nasiru (Arizona):
Hajiya Mariyama, kin bugi inda ya dace, wallahi. Abin da ya bambanta ta ke nan. A lokacin ƙuruciyarta, matan Hopi suna shafa wa tukunya ruwan farar ƙasa kafin su yi zane, salon da ya yi kama da na maƙwabtansu Zuni. In an gasa, shafen nan sai ya yi tsattsage kamar bayan tsohon kwano. Tukwanen Sikyatki kuwa ba shafe. Jikin lakar ne da kansa ake gogewa da dutse har ya yi santsi, wuta ta mayar da shi ruwan ƙwai. Ma'anar sunan Sikyatki ma ita ce "gida mai launin rawaya". Nampeyo ta nemo irin lakar, ta bar shafen, ta koma ga gugar dutse.

Ga wani abu kuma. Mutanen da can da kwal suke gashi, don ƙasarsu tana da shi. Bayan Sifaniyawa sun kawo tumaki sai aka koma busasshen kashin tumaki. Ke nan ita ta nemi sakamakon mutanen da da wata wuta daban. Ba ta da injin juya laka, murzawa take kamar igiya tana ɗorawa zobe bisa zobe, ta kankare, ta goge. Faɗin kafaɗar nan da Malama ta ambata shi ne wurin gwaninta, don laka ɗanya tana son ruftawa ciki in ta yi nisa da gindi ba abin da ya tallafe ta.

Mariyama Damagaram:
Kashin tumaki! Mu da kandilo da kara da ƙaiƙayi. Allah mai iko. Baƙin zanen fa, da me take yi?

Nasiru (Arizona):
Wani ganye suke dafawa har ruwan ya ƙafe ya zama baƙi kamar ƙwalta, su busar, in za a yi aiki a jiƙa a niƙa shi da wani dutse mai ƙarfe a jiki. Na bincika sunan ganyen a ilimin tsirrai, sai na tarar ɗan'uwan gasaya ne, gidansu ɗaya, kuma su ma suna cin sa. Alƙalamin zanen kuma ganyen wani tsiro ne mai kama da moda, a tauna bakinsa kamar asuwaki har zaren ya fito, a rage 'yan silla kaɗan. Da wannan ake jan layin da ya fi na biro siranta. Kuma ba ta fara zanawa da fensir, ido ne ma'auninta. Tulu ne mai zagaye, ka fara daga nan, dole in ka zagayo zanen ya haɗu daidai.

Abba Katsina:
Yayyena a gafarce ni in na fita daga hanya. Na shiga intanet in ga hotunan, sai nake ta ganin kalmar "katsina" a bayanin kayan Hopi. Akwai wata alaƙa da garinmu ne?

Nasiru (Arizona):
Babu ko kaɗan, ƙanena, dacewar lafazi ce kawai. A harshensu kalmar tana nufin wasu halittun ɓoye na addininsu na gargajiya, masu alaƙa da ruwan sama da amfanin gona. Abu ne da suke tsarewa ƙwarai. Shi ya sa ma a ƙauyukansu ba a yarda baƙo ya ɗauki hoto ba, ko na gida ko na mutum.

Malama Saudatu:
Na ƙaru sosai. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa tambayata. Bari in ƙara haske. 'Ya'yanta mata uku ne: Annie, Nellie da Fannie. Annie ita ce babba, tun tana yarinya take zaune gefen uwar tana aiki, har masana yau suna shan wahala wajen raba na uwa da na 'ya a wasu tukwanen. Fannie, autar, wadda aka haifa a 1900 ta rasu a 1987, ita ta yi yawancin zanen shekarun makanta. Nampeyo ba ta yi karatun boko ba, ba ta sa hannu, wato rubuta sunanta, a tukunya. In an ga sunanta a gindin tukunya, wani ne daga cikin iyalin ya rubuta, galibi Fannie.

To ku dubi Annie. Shekaru tana aiki, wani ya saya ya kai Chicago ya ce na Nampeyo ne. Ni abin yana mini ciwo, domin na ga irinsa. Gwaggona ta tsufa ba wanda ya taɓa cewa "randar Gwaggo".

Sista Ladidi:
Kafin a amsa, Malama, bari in ce wani abu a kan idon, don aikina ne. Ciwon da ya kama ta shi ne wanda muke kira tarakoma a asibiti. Ƙwayar cuta ce da ƙuda da hannu da tsumman goge fuska ke yaɗawa. Ba ta makantar da mutum dare ɗaya. Tana kamawa ta saki, ta sake kamawa, tun daga yarinta, har cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Ya fi yawa inda ruwa ke wuya, kuma ya fi cin mata saboda su ke tare da yara. Mutanen da ke zaune a kan dutse cikin hamada suna hawo da ruwa daga ƙasa, ba mamaki ya yi musu yawa. Mu ma muna da shi a ƙauyukanmu na arewa da Nijar, alhali yau akwai maganin sha, akwai ɗan ƙaramin aikin fatar ido. Ghana ta rabu da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a tun 2018.

Abin da nake so ku gane, ba duhu kawai ta sha ba. Zafi ne kullum, kamar yashi a ido. A haka take zama gaban laka.

Malama Saudatu:
Allahu akbar. Iya ma haka take cewa, kamar an zuba mata rairayi. Gwaggo ke cire mata gashin da ɗan matsefi.

Malam Lawal Funtuwa:
Allah Ya sa kaffara ne. Malama, ni a tambayarki ina bayanki ɗari bisa ɗari, kuma nan ne maganata ta farko ta dosa. Sunan nan ba Hopi suka ɗaga shi ba, kamfani ne. Kamfanin Fred Harvey, mai otal-otal a kan layin dogo, ya gina wani gida a bakin kwazazzabon Grand Canyon a 1905, ya yi shi da siffar gidajen Hopi. Aka kwaso Nampeyo da iyalinta aka zaunar a ciki suna gini, baƙi suna kallo suna saye. Aka sake kai su a 1907. A 1910 aka kai ta baje koli a Chicago. Har 'yar takarda suke liƙa wa tukwanen mai ɗauke da sunanta. Ɗan kasuwa yana bukatar suna ɗaya da fuska ɗaya, don suna shi ke sa kuɗi. Annie ba ta da amfani a wurinsa a matsayin Annie.

Kuma ku tuna wane zamani ne. A 1895 ɗin nan da ake tonon Sikyatki, gwamnatin Amurka ta tsare dattawan Hopi 19 a kurkukun tsibirin Alcatraz, babban laifinsu sun ƙi ba da 'ya'yansu a kai makarantar kwana. Ana ƙwace yaran don a raba su da harshensu, ana tono kaburburan kakanninsu a kwashe tukwanen da aka binne su da su a kai Washington, sannan ana tafa wa mace ɗaya don ta iya irin na kakannin. Wannan fa?

Nasiru (Arizona):
Wannan ba ni da ja, Yaya. Yawancin tukwanen da Fewkes ya kwasa daga maƙabarta suka fito, ɗaruruwa. Sai a 1990 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi masu cin kuɗin gwamnati su mayar wa ƙabilu ƙasusuwan mutanensu da kayan da aka binne su da su. Kusan shekara ɗari bayan tonon.

Inda na rabu da kai shi ne ɗaukar ta kamar wadda aka yi wasa da ita ba ta sani ba. Matar nan ta saba da baƙi tun tana budurwa. A 1875 mai ɗaukar hoto William Henry Jackson ya sauka a gidan ɗan'uwanta Tom Polacca, ya ɗauke ta tana 'yar shekara 15 ko kusa da haka, da irin ɗaurin gashin 'yan matan Hopi mai kama da fiffiken malam-buɗe-littafi a gefen kunnuwa biyu. Ta san me baƙo ke so, ta san me za ta ba shi, ta san me ba za ta ba shi ba. Ta je Grand Canyon ta yi watanninta ta koma gida kan dutsenta. Ba ta tare a birni ba, ba ta bar harshenta ba. Da abin da tukwanen suka kawo aka ci abinci a gidan, sauran matan tudun kuma suka ga akwai mai saye suka koma sana'ar.

Hajiya Binta Zariya:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma maganar Malama ta sa dole in sa baki. Saudatu 'yata, ina ganin kina auna gidansu da mudun gidanmu.

Hopi ta wajen uwa suke lissafin dangi. Gida na mace ne, miji shi ke tarewa wurin matarsa, 'ya'ya kuma dangin uwarsu suke bi. Nampeyo kanta misali ce. Ubanta Bahopi ne daga ƙauyen Walpi, uwarta kuwa 'yar Tewa ce, mutanen da suka yi ƙaura daga yankin kogin Rio Grande wajajen 1700, bayan tawayen da aka yi wa Sifaniyawa, suka zauna a Hano suka riƙe harshensu har yau. Saboda uwa, ita 'yar Tewa ce, 'yar dangin Masara. Ta wajen kakarta ta uba aka ce ta koyi gini. Sunan ma da harshen Tewa ake faɗarsa, ma'anarsa macijin da ba ya sara, don dangin ubanta dangin Maciji ne.

To a irin wannan gida, sunan uwa ba rufe 'ya yake ba, gadonta ne. Shaida kuwa, 'ya'yan da jikokin da kansu suka ɗauki sunan suka mayar da shi kamar sunan zuri'a. Fannie tana sa hannu da "Fannie Nampeyo", wani lokaci da ɗan zanen masara a gefe. Ba wanda ya tilasta mata. Zanen jelar gaggafa da wanda suke kira na ƙaura, mai fukafukai suna bin juna, sun zama kamar shaidar gidan. In kin ce a raba wane ne ya gina, wane ne ya zana, kin shigo da tambayar mai saye cikin ɗakin da ba a yin ta.

Malama Saudatu:
Mama, na ji wannan, kuma ya sanyaya mini wani wuri. Amma ba duka ba. Fannie ta samu ta sa sunanta, don ta zo a zamanin da aka fara sa hannu. Annie fa, da ƙuruciyarta da ƙarfin idonta duk suka tafi a zamanin da ba a sawa? Ko a gidan da ake gado ta wajen uwa, mutum yana son a ce masa sannu da aiki da sunansa.

Hajiya Binta Zariya:
Gaskiya ne. Sai dai ki duba ta inda Allah Ya biya ta. Annie ta haifi Rachel, Rachel ta haifi Dextra Quotskuyva, wadda aka haifa a 1928 ta rasu a 2019. Dextra ba ta kama sana'ar sosai ba sai da ta kusa shekara 40, amma ta zama cikin manyan maginan Amurka na zamaninta, har gidan tarihi na Wheelwright a Santa Fe ya yi baje kolin aikinta ita kaɗai a 2001. Ta fara da zanen gida, daga baya ta riƙa fito da nata. Ɗanta Dan Namingha, haifaffen 1950, shi kuma ya ɗauke zanen daga jikin tukunya ya kai shi kan allo da fenti, sananne ne ƙwarai. Duk wanda ya ba da tarihinsu sai ya bi ta kan Annie. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abba Katsina:
Ni duk wannan sai yake tuna mini da matar da ke bayan naira 20.

Malam Lawal Funtuwa:
Ladi Kwali. Ka kawo misali mai kyau, Abba, kuma yana goyon bayana. Matan Gbagyi nawa ne ke gini a Kwali lokacin? Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana da tukwanenta a gidansa, Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya gani, ta shiga cibiyarsa ta koyar da gini a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954. Daga nan sai Landan, sai Amurka, sai digirin girmamawa na jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Innar da ta koya mata fa, wa ya san sunanta? Sai Bature ya nuna mutum da yatsa sannan mu gan shi.

Mariyama Damagaram:
A'a Malam, ka faɗa da bakinka: Sarki ya riga Bature gani. Mutanen gari sun san gwana tun kafin baƙo ya zo. A kasuwar Mirya mace tana zagaye tuluna hamsin ta ɗauki ɗaya ta ce wannan hannun wance ne, ba rubutu ba lamba. Kama da wane ba ta wane. Ladi tana buga LK a gindin nata don masu sayen nesa, ba don maƙwabta ba. Haka Nampeyo. Ba don ita kaɗai aka ɗauka hoto ba ne, hotunan matan Hopi nawa aka ɗauka? Don nata ya fi ne. Mu masu sana'a ba ma jin kunyar faɗin haka, ko a ɗaki ɗaya akwai wadda hannunta ya fi.

Amsata ga Malama kuwa ita ce: tukunya ta wadda ta gina ce. Zane riga ne. In ginin ya karkace, duk adon duniya ba ya miƙe shi, wuta ma ba za ta bar shi ba. Amma in ni ce mai gidan tarihin, sunan biyu zan rubuta.

Nasiru (Arizona):
Wasu gidajen tarihin sun fara yin haka, Hajiya. Za ki ga an rubuta Nampeyo ce ta gina, Fannie ko Annie ta zana, inda aka iya ganewa.

Malam Lawal Funtuwa:
Madalla da wannan. Na janye kalmar kwafe, Hajiya Mariyama ta gamsar da ni a kan laka. Amma batun kuɗi ban janye ba. A 2010 an yi gwanjon tukunyarta ɗaya a kan dala 350,000. Kuɗin ya tafi aljihun wanda ya ajiye ta, ba kan dutsen Hano ba. Haka tsofaffin kawunan laka na Nok ɗinmu suke yawo a kasuwannin Turai, ƙauyukan da aka tono su kuwa suna nan yadda suke.

Nasiru (Arizona):
Haka ne. Abin da kawai zan ƙara, zuri'arta da ke gini yau su ke sa wa aikinsu farashi da kansu, da sunansu a gindi, kuma tun 1990 doka ta hana wanda ba ɗan ƙabila ba ya sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar ne. Yawancinsu har yanzu da hannu suke gini, a fili suke gashi.

Malama Saudatu:
Jama'a, na ɗan ɓace ne don na kira Gwaggo a waya. Akwai randa ɗaya da ta rage a gidanmu na ƙauye, tana zaure, har yanzu ita ke ba baƙi ruwan sanyi. Ta shekarun makantar Iya ce. Na ce mata, Gwaggo, randar nan ta wace ce, tunda ke kika yi mata ado? Ta yi shiru, ta ce randar Iya ce mana. Na ce to ke fa? Ta ce in na je in sa yatsa ta cikin wuyan, zan ji wani ɗan lotsi a jere, babban yatsan Iya ne, haka take bi tana auna kaurin tunda ba ta gani. Sannan ta ce, amma layi ukun nan na kafaɗa nawa ne, Iya biyu take yi, ni na ƙara ɗaya, kuma ta shafa ta ji ba ta ce in goge ba.

Shekarata 46 ina shan ruwa a randar nan ban taɓa ƙirga layin ba.

Hajiya Binta Zariya:
Ki rubuta wannan a takarda ki ajiye, 'yata, da sunan su biyun da shekarar da aka yi ta, tun Gwaggo tana da rai.

Mariyama Damagaram:
Kuma kada a ɗaga ta daga inda take. Tsohuwar randa in ta saba da wuri, ɗagawa ke fasa ta.

Malama Saudatu:
In sha Allahu ranar Juma'a zan je. Nasiru ƙanena, in ka sake shiga gidan tarihin, don Allah ka duba mini ko akwai wadda aka rubuta sunan Annie a kai, ka turo mini hoton tukunyar da na takardar da ke gefenta. Ina so in nuna wa ɗalibaina tare da hoton randar.

Nasiru (Arizona):
To Yaya, Asabar mai zuwa ba ni da aji, zan shiga Phoenix.